Ranar da Aka Haska Hannuna a Bango

Ban gaji sayar da maganin dabbobi ba, ban kuma yi makarantarsa ba. Da hodar kaska da maganin ɓera na fara, a bayan keke, ina bin ƙauyukan da ke kewaye da Tamale ranar kasuwarsu. Akwai wani tsohon malamin dabbobi na gwamnati da ƙafa ta fara ba shi wahala, ni nake goya shi idan zai zaga rigakafi. Ina riƙe masa tumaki, ina kallon inda yake soka allura, ina tambaya har ya gaji da ni. A wurinsa na koyi bambanta dabbar da tsutsar ciki ta rame da wadda ciwon huhu ya kama. Da ya rasu na riga na kama ɗan shago a Aboabo, kuma a wannan shagon na yi aure, na yi gida a Sabonjida, na je Makka.

Wanda bai yi wannan sana'ar ba zai ɗauka wahalarta tana wajen dabbobi. A wajen takardu take. Wani ofishi ya ce duk abin da ake kira magani nasa ne. Wani ya ce ruwan wankin kaska guba ne, ɗan'uwan maganin feshin gona, don haka shi ke da iko a kansa. Wani kuma ya ce lafiyar dabba tasa ce tun daga kofato har ƙaho. Kowanne da lasisinsa, kowanne da lokacin da nasa ke ƙarewa. Jami'i ya taɓa zuwa ya sa na fitar da galan-galan na maganin kaska waje, wai kada su zauna ɗaki ɗaya da allurai. Ba a yi wata ba wani ya zo daga wani ofishin ya yi mini faɗa don na bar guba a inda yara ke wucewa. Duk wannan a kanmu masu shago yake ƙarewa, domin mu ake iya samu. Masu yawo da jabun magani a jakar bayan babur, rana tana dafa shi, ba wanda ya san ƙofarsu.

Saboda haka da aka fara maganar za a sauƙaƙa dokar, a haɗa ta wuri ɗaya, a bar mutum da lasisi ɗaya da ofishi ɗaya, ni ne na fara murna a Aboabo.

Sai na bayyana yadda nake aiki, domin a kansa komai ya faru. Allurar dabbobi a manyan kwalabe take zuwa, irin wadda za ta ishi garke. Bafulatani mai shanu yana ɗaukar kwalba sukutum. Amma yawancin masu shigowa shagona ba masu garke ba ne. Mace ce mai tumaki biyu a bayan ɗaki, ko tela da ke kiwon ragon layya, ko tsoho mai 'yan awaki. Babbar kwalba ta fi ƙarfinsu, in ma sun saya sauran lalacewa zai yi. To, sai in tambayi girman dabbar da abin da take yi, in ja daidai nata da sabon sirinji, in zuba a ƙaramar kwalba da na dafa na shanya. Da yake yawancinsu ba sa karatu, zare nake ɗaurawa a wuyan kwalbar. Jan zare yana nufin kada a yanka dabbar, kada a sha nononta, sai kasuwa ta zagayo ta sake zagayowa. Farin zare na tsutsar ciki ne. Har ƙauyuka an san zarena.

Ba zan ɓoye ba, raba kwalba yana da haɗari. Akwai masu ƙara ruwa, akwai masu zubawa a kwalbar da ba a wanke ba, akwai wanda na sani yana haɗawa da man gyaɗa. Likitocin da ke ƙin abin suna da hujjarsu. Ra'ayina shi ne a yi masa ƙa'ida, a koya mana, a kama mai ha'inci, tunda ko an hana, mai tunkiya biyu ba za ta daina neman na tunkiya biyu ba.

Matata tana da ƙane. Bayan rasuwar mahaifinsu a gidana ya zauna ya gama makaranta, ya yi shekaru a shagona, daga baya na taimaka masa ya buɗe nasa a bakin babban titi. Karachi nake kiransa, yadda muke kiran ɗan boko a nan. Akwai wasa tsakanin mutum da ƙanen matarsa, mu kuma mun yi namu sosai. In ya shigo sai ya ce, "Sannu da aiki, Dokta marar takarda. Yau akuya nawa ka aika lahira?" Ni kuma in ce Turancinsa bai taɓa ɗaga ƙafar rago ba. Mutanen layinmu har tsayawa suke su saurare mu. Yana da kai, yana da baki, kuma ina alfahari da shi kamar ni na haife shi.

Muna da ƙungiya ta masu sayar da maganin dabbobi, ni ne shugabanta a lokacin. Muna da wata al'ada da muka ɗauko daga fadar sarakunan Dagomba da muke zaune a ƙasarsu. Shugaba ba ya magana a gaban baƙi, kakaki ke yi. Mu zauna a zaure mu yi gardama har murya ta dushe, abin da muka tsayar shi kakaki zai kai. In ya yi tuntuɓe a gaban baƙi ba mai gyara masa, sai an dawo gida. Dalili gare mu. An taɓa yin wasu 'yan kasuwa biyu da suka ƙaryata juna a gaban jami'i, kowanne yana son wanke kansa, aka rufe shagunansu duka biyun. Tun daga nan muka ce murya ɗaya. Karachi muka naɗa kakaki, ni na kawo sunansa, ba wanda ya ja.

Da labari ya zo cewa wani kwamiti zai zo daga Accra ya ji ta bakin 'yan kasuwa kafin a rubuta sabuwar doka, muka taru a zaurena. Abin da muka tsayar bai da yawa. Lasisi ɗaya daga ofishi ɗaya. A ba irinmu horo, a gwada mu, wanda ya ci a ba shi izinin sayar da allura. A kuma yarda da raba kwalba bisa sharaɗi, da sabon sirinji da tsabtatacciyar kwalba da alama a jiki. Karachi ya maimaita mana su da Hausa, ya maimaita da Dagbanci saboda 'yan'uwanmu Dagomba, aka shafa fatiha.

Kafin ranar taron sai ya zo mini da shawara. Ya ce mutanen nan ba su taɓa ganin yadda ake raba kwalba da tsabta ba, labarin masu man gyaɗa kawai suke ji. Zai kawo biyu daga cikinsu shagona ranar kasuwa, su gani da idonsu. Ya ce kada in canza komai, in yi yadda na saba. Na ga hikimar abin. Na sa sabuwar riga.

Suka zo, namiji da mace, masu fara'a. Mata suka yi layi kamar kullum, ina tambaya, ina ja, ina zubawa, ina ɗaura zare. Karachi yana tsaye yana yi musu bayani da Turanci ƙasa-ƙasa, suna gyaɗa kai. Shi da kansa ya fitar da wayarsa ya ce in ɗaga sirinjin sama kaɗan, haske bai isa ba. Na ɗaga. Da za su tafi na sa aka kawo musu soyayyen zabo a takarda, macen ta yi ta godiya.

An yi taron a zauren wani otal, mai sanyi kamar cikin firji. Akwai likitocin dabbobi, akwai jami'an ofisoshin nan duka, akwai masu kiwon kaji, sai mu a layin gaba da manyan rigunanmu. Turancina na kasuwa ne, ban iya jawabi da shi ba, amma ina ji sarai. Shugaban kwamitin ya ce burinsu doka gajera wadda kowa zai gane, ba mai togaciya a kowane layi ba. Da aka zo kanmu Karachi ya tashi.

Ya fara daidai. Ya yi maganar ofisoshi da lasisi, har ya ba da labarin galan-galan ɗina, aka yi dariya. Sai ya ce a rage fitila, aka haska hoto a bango. Hannuna ne, babba kamar ƙofa, riƙe da sirinji a bakin ƙaramar kwalba. Ba a ga fuskata ba, amma ga zoben azurfata, ga hannun sabuwar rigata, ga zare ja da fari a kan tebur. Duk wanda ke layin gaba ya san hannun wane ne.

Ya ce wannan ita ce cutar da ke cikin sana'armu. Ya ce kwalbar da aka buɗe ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta, kuma zare ba rubutu ba ne. Ya ce in ana son doka mai sauƙi, to layi biyu sun isa: kada a sayar da allura sai a rufe yadda kamfani ya rufe ta, kuma kada a sayar sai a shagon da likitan dabbobi ya sa hannu yake kula da shi. Bai ambaci horo ba, bai ambaci gwaji ba. Ya rufe da cewa 'yan kasuwar Tamale da kansu sun gaji da wannan hali, a shirye suke su bar shi.

Shugaban kwamitin ya ji daɗi ƙwarai. Ya dubi layinmu ya tambaya ko wannan ne matsayin ƙungiya, ko akwai mai ja. Aka fassara da Hausa, aka fassara da Dagbanci. Dattawan da ke dama da hagu duk suka juyo suna kallona.

Na ji tambayar, na kuma gane ta. Amma ni ne na yi shekaru ina tsawata wa duk wanda ya yanke wa kakaki magana a gaban baƙo. Ga shi ƙanen matata ne, yaron da ya tashi a gidana. In na miƙe na ce ƙarya yake yi, a gaban likitoci da jami'ai, na tozarta shi, na tozarta ƙungiyar da ta naɗa shi, na kuma nuna musu bakinmu ba ɗaya ba ne. A raina na ce akwai abin da ban sani ba, wataƙila dabara ce, a ba su wannan a karɓi wancan. In mun koma gida zai yi bayani, in kuskure ne a aika a gyara. Haka muka saba. Na yi shiru, dattawa suka ga na yi shiru su ma suka yi. Shugaban ya ce a rubuta cewa an amince baki ɗaya, aka tafa, aka raba shinkafa a roba.

Bai zo zaurena da yamma ba, bai zo washegari ba. Da na ga haka na hau babur na tafi shagonsa. An yi sabon fenti. A ciki akwai tebur da kujera da ban sani ba, wani likitan dabbobi da ya yi ritaya yana zaune yana karanta jarida, takardar shaidarsa a rataye a bango. A bayan kanta kuma kwalaye ne har rufi. Na buɗe ɗaya. Ƙananan kwalaben allura ne, rufin kamfani, daidai na tunkiya biyu ko uku.

Ni ɗan kasuwa ne. Na san tsawon lokacin da kaya ke ɗauka daga ranar da aka yi oda zuwa ranar da za su sauka a tashar jirgin ruwa, a fito da su, mota ta hau da su arewa. Watanni ne. Ke nan ranar da muka shafa fatiha a zaurena kayan nan suna kan ruwa. Ranar da ya ce in ɗaga sirinji haske bai isa ba, ya riga ya gama magana da likitan nan. Ban buƙaci kowa ya faɗa mini ba.

Ya fito daga ciki ya gan ni da kwalbar a hannu. Ya kai ni bayan shago, ya jawo mini benci. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce kwamitin ba zai taɓa yarda da raba kwalba ba, tun a Accra aka gaya masa. Ya ce da ya kai maganarmu yadda muka tsara, da an yi mana kallon marasa kan gado, a rubuta abin da aka ga dama duk da haka.

"Alhaji, abin nan zai zo, da ni ko ba ni. Na ga gara in ya zo ya tarar da lasisin a cikin gidanmu."

Na ce to me ya hana shi faɗin haka a zaure.

"Da kun cire ni."

"Hoton fa? Duk garin nan ba ka samu hannun mai man gyaɗa ba, sai nawa?"

Ya ce mai man gyaɗa ba zai tsaya a ɗauke shi ba. Ya ƙara da cewa ai bai nuna fuskata ba.

Ban ɗaga murya ba, ban saba ba. Na ajiye masa kwalbarsa a kan benci na fita.

Ban san inda dokar ta kwana a Accra ba, har yau ana cewa tana tafe. Amma a nan ba a jira ta ba. Da lokacin sabunta lasisi ya yi aka ce mana tunda 'yan kasuwa da bakinsu suka nema, za a fara aiki da sharuɗɗan nan biyu. Sauran ofisoshin kuwa suna nan yadda suke, kowanne da takardarsa. Sauƙin da muka samu ke nan. Na je da dattawa biyu muka yi bayanin cewa abin da aka faɗa a otal ba shi muka aika ba. Jami'ar da ta saurare mu mace ce mai mutunci, ta kuma san ni. Ta ce, "Alhaji, ina wurin. An tambaye ku da harshe uku." Na yi mata bayanin al'adarmu. Ta ce ta gane, su ma a garinsu akwai irinta, amma ba ta da inda za ta rubuta wannan.

Na nemi likita na kaina. Likitocin dabbobi masu zaman kansu a garin nan ba su da yawa, waɗanda ke akwai manyan shaguna sun riga sun kama su. Na samu wani matashi a Kumasi da ya yarda ya zo, na zauna na duba abin da shagon ke kawowa, na ga in na ɗauke shi ni zan koma yi masa aiki. Ƙungiya kuwa ta watse ba tare da an ce ta watse ba. Wasu suka ce da ni aka haɗa baki, ai surukina ne, shi ya sa na yi shiru. Wannan ta fi yi mini ciwo a kan hoton. Mutanen da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya suka koma gaishe ni daga kan babur.

Matata ta sha wahala a tsakani. Ba ta kare shi ba. Ta ce ɗan'uwanta ne, ba za ta iya canza wannan ba, amma bai kyauta ba kuma ta gaya masa. Ta bakinta ya aiko da tayinsa, domin ya kasa zuwa da kansa. Shagona ya koma reshen nasa. Likitansa zai riƙa leƙowa, lasisinsa zai rufe ni, zai ba ni ƙananan kwalabe a farashin sari. Allon ƙofa ne kawai zai canza ya ɗauki sunan kamfaninsa. Ya ce tun farko abin da ya shirya mini ke nan.

Ban yi fushi na ƙi nan take ba. Na auna shi yadda nake auna kowane ciniki, kuma ta fuskar riba tayin ba shi da laifi. Allura ita ce ƙashin bayan shagon, ita ke kawo mutum ya sayi sauran kaya. Abin da na kasa wucewa shi ne, duk ranar da ya ga wata hanya ta fi masa, zai cire lasisinsa daga bangona yadda ya cire maganarmu daga bakinsa, kuma ba zan sani ba sai an gama. Na taɓa ba shi muryata. Na ce wa matata ta gaya masa na gode.

Alluran da suka rage na mayar wa dilan da nake saro kaya wurinsa a Kumasi, ya karɓa da ragi. Na cika kantocin da gishirin lasa, da abincin kaji, da ƙwayoyin maganin tsutsa, da igiyoyi da bokitan sha. Shagon yana ci da mu, bai kai da ba. Ni da Karachi muna haɗuwa a suna da jana'iza, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa. 'Ya'yansa suna zuwa gidana, ban taɓa hana su ba.

Kwanakin baya wata tsohuwa ta shigo, daga wani ƙauye a hanyar Kumbungu. Ta daɗe ba ta zo gari ba, ba ta san an canza komai ba. Tunkiyarta tana tari, hanci yana zuba, ta daina cin dusa. Na san abin da ke damunta, na san abin da zai tashe ta. Na ce mata na daina sayar da allura. Ta ɗauka wasa nake, ta rage murya ta ce in shiga ciki in ɗan zubo mata, ba mai gani, wani mai babur ma ya yi mata tayin nasa a tasha amma ita ba ta yarda da shi ba.

Na ce kada ta saya wurin mai babur. Na fito da ita bakin titi, na tsayar mata da keke mai ƙafa uku, na kwatanta wa direban shagon nan mai sabon fenti a babban titi. Na faɗa mata sunan maganin har ta riƙe, na ce ta sa likitan da ke wurin ya nuna mata iyakar inda za ta ja, kuma ta tambaye shi yaushe za a iya shan nonon, kada ta fito sai ya faɗa mata. Ta tambaye ni ko mai shagon mutumin kirki ne. Na ce maganinsa mai kyau ne, ta hau su tafi kafin rana ta yi.